Na'urar RO a ƙasar Nabaho: tana cire guba, amma cin ruwanta ya yi yawa

Na'urar da zan yi magana a kanta ita ce ta tace ruwan sha wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wadda kowa a nan Amurka ke kira RO. Aikin da aka saye ta dominsa tana yin sa ba ha'inci. Sai dai tana da ci, kuma abin da take ci shi ne abin da ya fi komai daraja a inda nake zaune, wato ruwan kansa. Masu sayar da ita ba sa son a daɗe a kan wannan batu, ni kuwa a kansa zan fi daɗewa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, aiki ya kawo ni gabashin ƙasar Nabaho a jihar Niyu Meksiko. Nabaho na daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a wannan nahiya, kuma ƙasarsu ita ce mafi girma cikin filayen da aka keɓe wa 'yan asalin Amurka. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 71,000, ta ratsa jihohin Arizona da Niyu Meksiko da Yuta, tana da shugabanta da majalisarta a Window Rock. Ni da maigida da yaranmu biyu muna haya a gabas da garin Gallup, a yankin da filayen ƙabila da na gwamnati da na ɗaiɗaikun mutane suka cakuɗe da juna. Gidan yana da rijiyar burtsatse tasa, amma ba ta da ƙarfi. A hankali take zuba ruwa a wani tanki da aka binne a bayan gida, in bazara ta yi tsanani sai maigida ya ɗora tanki a bayan a-kori-kura ya je ya ƙaro.

Mu ma a cikin gata muke. Kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar Nabaho ba shi da famfo kwata-kwata. Mutane na tuƙa mota tafiya mai nisa a kan hanyar burji su cika durom su dawo, kuma kowane kofi sai an yi masa lissafi. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya a irin waɗannan gidaje yana amfani da galan 7 ne a rana, kusan jarka ɗaya mai lita 25 ke nan, sha da girki da wanka da wanki duka, alhali Ba'amurke a birni yana kashe galan 80 zuwa 100. Duk wani kayan ruwa da za a shigo da shi gida a wannan yanki, da wannan mudu ya kamata a auna shi.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma na nan an san abin da ya tsamar da shi. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙo kusan tan miliyan 30 na duwatsun yuraniyom daga ƙasar Nabaho, mafi yawa don makaman nukiliya na Amurka. Da kasuwa ta faɗi kamfanoni suka kwashe nasu ya nasu, suka bar ramukan haƙa fiye da 500 ba a rufe su yadda ya kamata ba. Ranar 16 ga Yuli 1979 madatsar dagwalon wata masana'antar yuraniyom ta ɓalle a Church Rock, ba nisa da inda nake, ta kwararar da kimanin galan miliyan 94 na gurɓataccen ruwa cikin kogin Puerco, wanda ke ratsa Gallup ya shiga Arizona, inda mutane ke shayar da tumakinsu. A 2005 majalisar Nabaho ta haramta haƙar yuraniyom a ƙasarta baki ɗaya, amma doka ba ta wanke ƙarƙashin ƙasa. Ga kuma arsenik, wata guba, wanda shi ba sai an yi haƙa ba, a cikin duwatsun yankin yake tun asali, ruwa yana narkar da shi a hankali. Duk wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san irin wannan masifa: ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, sai jiki ya fara nunawa. Yuraniyom ƙoda yake fara taɓawa. Arsenik kuwa, in an daɗe ana sha, yana da alaƙa da ciwon daji na fata da mafitsara da huhu, da ciwon zuciya da ciwon suga. A wurin aikina ina ganin masu ciwon ƙoda da suga kullum, shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa.

Kafin mu sayi komai mun kai ruwan rijiyarmu ɗakin gwaje-gwaje mai lasisi. Dokar Amurka ta ƙayyade arsenik kada ya wuce maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, yuraniyom kuma 30. Namu yuraniyom yana ƙasa da iyaka, arsenik ya haura. Rijiyar gida babu wata hukuma da ke duba ta, mai ita ne ke da alhakin gwaji. Kuma ya kamata kowa ya sani, tafasa ruwa ba ya fitar da waɗannan abubuwa. Ƙwayoyin cuta yake kashewa, gubar kuwa ƙara kauri take yi domin tururi ya tafi ya bar ta. Jug ɗin nan mai gawayi da ake sa wa a firji ma, galibinsu gyaran ɗanɗano kawai suke yi.

Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera tamu ba, domin in an buɗe su kusan duk abu ɗaya ne a ciki. Mun saye ta dala 200 da 'yan kai a wani shagon kayan gini a Gallup. A cikin kwalin akwai gwangwanaye uku na roba: na farko yana tare yashi da tsatsa, biyun na gawayi ne masu cire kulorin da wari. Daga nan ruwa ya wuce zuwa zuciyar na'urar, wani tantani da aka naɗe cikin bututu, wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙantar da ruwa ke tsallakewa in an matsa shi, gishiri da ƙarafan da suka narke su tsaya. Sai ƙaramin tanki mai ɗaukar galan biyu zuwa uku na tataccen ruwa, da ƙaramin kan famfo na musamman. Maigida ya ɗaura ta da kansa da yammacin wata Asabar, ba mu kira mai gyaran famfo ba. Bututan masu launi ne, kowanne da inda zai shiga, wanda ya iya riƙe sifana zai iya.

Abin da na fi dubawa a jikin kwalin shi ne hatimin NSF/ANSI 58, shaidar cewa an gwada ingancin na'urar RO, da kuma jerin abubuwan da aka gwada na'urar a kansu. A nan akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Arsenik iri biyu ne a ruwan ƙasa, masana na kiransu na uku da na biyar. Tantanin RO yana kama na biyar sosai, na ukun kuwa da yawa yana zillewa, kuma hatimin a kan na biyar aka bayar da shi. Kulorin yana juya na uku ya koma na biyar. Ruwan famfon gari dama da kulorinsa yake zuwa, amma ruwan rijiya ba shi da shi. Mu muna sa bilic marar turare, wanda kulorin ne a cikinsa, daidai gwargwado a babban tankinmu don kashe ƙwayoyin cuta, sai ya zama ya yi mana aiki biyu. Wanda ya haɗa na'urar kai tsaye da rijiya ba tare da wannan ba, yana iya zaton ya tsira alhali rabin aikin aka yi.

Bayan ta ɗan kwana biyu tana aiki mun sake kai ruwan gwaji, wannan karon daga ƙaramin famfon. Arsenik ya sauka ƙasa da iyaka da tazara mai kyau, yuraniyom kuma kusan babu. Ɗanɗanon ma ya canja. Shayi ya daina yin wannan dafi-dafin a samansa, farin gishirin da ke manne wa butar dafa ruwa ya ɓace, yara da kansu suke ɗiba su sha ba sai an matsa musu ba. Ta wannan fuska kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma ina gode wa Allah duk lokacin da na dama wa ƙaramarmu koko da shi. Akwai ɗan ma'aunin da ake tsomawa a kofi yana nuna yawan gishirin ruwa, ana samunsa da araha, yana da amfani wajen gane ko tantani ya gaji. Amma ba ya ganin arsenik ko yuraniyom, kada a ɗauke shi madadin gwajin gaske.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tantanin ba ya ajiye dattin da ya tare, wani ruwan ne ke wanke shi ya fita da shi ta wani siririn bututu. Yadda takardar ɗaurawa ta ce a yi, wannan bututu ana soke shi ne a jikin magudanar wurin wanke-wanke, a can ƙasa cikin duhu inda ido ba ya gani. Mutum zai shekara yana amfani da na'urar bai san nawa take zubarwa ba. Mu tankinmu ne ya tona asirin, ya riƙa sauka da sauri fiye da yadda muka saba. Maigida ya zare bututun ya sa a bokiti muka auna: duk galan ɗaya na ruwan sha, kusan huɗu ke tafiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka da kanta ta ce na'urorin da aka saba gani suna zubar da galan 5 ko fiye a kan kowane galan ɗaya.

A yi lissafi. Gida mai mutum huɗu in ya ɗibi galan 3 a rana don sha da girki, an zubar da 12. A wata guda galan 360 ke nan. Babban farin tankin nan mai kejin ƙarfe da kowa ke ɗorawa a mota a nan galan 275 yake ci, ruwan cikinsa ya fi tan ɗaya nauyi, kuma duk jigila ɗaya man fetur ne da taya da rabin yini. Ma'ana na'urar tana shanye fiye da jigila guda kowane wata ba wanda ya gani. A birnin da famfo ke zuwa dare da rana wannan ƙarin 'yan daloli ne a takardar biyan kuɗi. A gidan da tsohuwa ke wanke kwanuka da ruwa ta ajiye shi ta goge ɗaki da shi, sannan ta kai ragowar gindin bishiya, wannan an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Raina ya ɓaci da ganin an rubuta adadin ruwan da take tacewa da manyan haruffa a gaban kwali, adadin da take zubarwa kuwa sai an tono shi a ƙarshen takarda.

Abu biyu ke ƙara mata ci: ƙarancin matsin ruwa da sanyi. Tana son matsi mai ƙarfi, ƙananan injinan da ke turo ruwa daga tankin ƙasa kuwa sau da yawa da ƙyar suke kaiwa. Gallup na kan tudu, tsayinsa ya kusa mita 2,000 daga teku, da hunturu ruwa kan yi sanyi ƙarara, tantani ya rage gudu, abin da ke zubewa ya ƙaru. In gidan irin wanda ake jawowa da mota a ajiye ne, mai siririn bango, gwangwanayen na iya daskarewa su tsage cikin dare. Muna barin ƙofar kabad a buɗe da daddare don ɗumin ɗaki ya shiga.

Gyaran da muka yi bai da wuya. Mun ƙara wani ɗan injin turawa da ba ya amfani da lantarki, ƙarfin ruwan da ke fita ne ke juya shi ya tura tataccen cikin tanki, sai tantani ya sami sauƙi. Zubarwar ta ragu da kusan rabi. Yana ɗan yin ƙas-ƙas in yana aiki, mun saba. Sannan bututun nan ba mu mayar da shi magudana ba. Mun zura shi cikin wani durom mai murfi, da shi muke kora bayan gida da goge ƙasa da wanke tayoyin mota. Ba ma zuba shi a lambun kayan miya, ba kuma za mu bai wa dabba ba, domin duk arsenik ɗin da aka cire daga kofinmu a cikinsa yake. Na rubuta a jikin durom ɗin da manyan baƙi cewa ba na sha ba ne, saboda yara da baƙi. Wanda zai saya yanzu ya nemi mai alamar WaterSense. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da ma'auni ga irin waɗannan na'urori, mai ɗauke da alamar ba ta zubar da fiye da galan 2.3 a kan kowane galan. Ko hakan ma da yawa ne a nan, amma ya fi. A kuma riƙa kasa kunne: in tanki ya cika kuma har yanzu ana jin ruwa yana tsiyaya, bawul ɗin da ke tsayar da ita ya lalace, za ta iya kwana tana zubarwa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Banabahiya mai kiwon tumaki da saƙar darduma, 'yarta ta zo ta ga tamu ta ce za ta saya wa uwar. Na tambaye ta daga ina suke ɗebo ruwan sha. Ta ce daga tashar ruwa ta NTUA, hukumar ruwa da lantarki ta ƙabilar wadda aka kafa tun 1959. Na ce mata ta riƙe kuɗinta. Ruwan waɗannan tashoshi ana gwada shi a kai a kai, hukumar muhalli ta Nabaho ce ke sa ido a kansa, kuma kowace shekara ana fitar da rahoton ingancinsa wanda kowa zai iya nema ya karanta. A ɗauko ruwan da aka riga aka tace daga nesa, a zo a zubar da kashi huɗu cikin biyar don a sake tace shi, wannan asara ce. Abin da gidansu ke buƙata shi ne tanki mai tsabta da matata mai sauƙi ta yashi da gawayi, wadda ba ta zubar da ko ɗigo. Irin wannan tsari ƙungiyar DigDeep ke sa wa gidaje tun da ta fara aiki a garin Thoreau na nan Niyu Meksiko a 2014: tankin ƙasa mai galan 1,200, da injin turawa, da matata, da wurin wanke-wanke, mota ta riƙa zuwa tana cikawa.

Ba na kuma son kowa ya ɗauki RO a matsayin izinin sha daga rijiyoyin dabbobi. Duk wanda ya bi hanyoyin nan ya ga dogayen famfunan iska masu farfela da kwamin shayar da tumaki a gindinsu. Don dabbobi aka gina su, ba a gwada su kamar ruwan sha, kuma binciken hukumomi ya gano wasunsu sun wuce iyaka a yuraniyom ko arsenik ko ƙwayoyin cuta. Gwamnatin Nabaho ta hana mutane sha daga gare su, amma wanda motarsa ta lalace ko hanya ta yi caɓi bayan ruwan sama ba shi da zaɓi, kuma ba ni da bakin zarginsa. Na'urar gida ba ta cire komai ɗari bisa ɗari. In gubar ta yi yawa ƙwarai, abin da ya tsallake ma zai iya wuce iyaka.

Sau da yawa kuma gurɓatar a cikin gida take farawa. Durom na hannu da ake sayarwa da araha a bakin hanya, ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, wani maganin feshi ne, wani sabulun masana'anta, kuma roba tana riƙe abin da ta sha komai wanki. A sayi wanda aka yi don abinci ko ruwan sha, a rufe shi daga rana, a keɓe masa tiyo nasa da ba ya taɓa ƙasa. Baƙin man da aka juye daga mota kada a zuba shi a bayan gida, na canji ɗaya kawai yana iya ɓata galan miliyan guda na ruwa, kuma shagunan kayan mota da yawa suna karɓarsa kyauta. Ragowar magunguna, wannan fannina ne, kada a watsa su a masai, a mayar da su kantin magani mai akwatin karɓa. Ramin sokawe yana son kwashewa duk bayan shekara 3 zuwa 5, in ba haka ba abin da ke ciki ya sami hanyar rijiya. Famfon da ke ɗigo sau ɗaya kowace daƙiƙa kuwa yana cin fiye da galan 3,000 a shekara, ya fi jigila goma.

Batun kayan canji shi ma a duba kafin a biya kuɗi. Gwangwanayen farko ana canja cikinsu duk wata 6 zuwa 12, tantani shekara 2 zuwa 3, mu da ruwanmu ke da yashi na farkon ba ya kaiwa haka. Akwai na'urori masu kyan gani da sai kayan kamfaninsu kaɗai ke shiga, a intanet kawai ake samu. Gidaje da yawa a ƙasar Nabaho ba su da lambar titi, akwatin gidan waya suke amfani da shi, kuma ba kowane mai aiko da kaya ke yarda ya kai can ba. Kayan canjin tamu masu inci 10 ne na gama-gari, duk shagon kayan gini a Gallup ko Farmington akwai.

Ina sane da cewa na'urar dala 200 tana toshe ɓarakar da ba mai gida ne ya yi ta ba. A watan Yuni 2023 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa yarjejeniyar 1868 da ta kafa ƙasar Nabaho ba ta wajabta wa gwamnatin tarayya ta tashi ta samar musu da ruwa ba. Babban aikin bututun da zai jawo ruwan kogin San Juan zuwa gabashin ƙasar da Gallup an amince da shi tun 2009, wani reshensa ya fara ba da ruwa a 2020, babban reshen har yanzu ana kan gini. Kafin ya iso, kowa da tankinsa.

Wanda ke da rijiyar gida ko famfon da gwaji ya nuna arsenik ko yuraniyom ya haura, ya sayi RO, ya nemi mai hatimin NSF/ANSI 58 da alamar WaterSense, ya tanadi durom ɗin tarar ruwan da take fitarwa tun ranar ɗaurawa, ya kuma sake kai tataccen ruwan gwaji sau ɗaya a shekara. Wanda ke jigila daga tashar da hukuma ke dubawa, kuɗin sun fi amfani a sabon tanki mai murfi da tiyo mai tsabta.